Sakan Arba'in da Ɗaya

Idan aka tambayi uwa ko ta yafe wa ɗanta, ta yi shiru na sakan arba'in da ɗaya, sannan ta ce "na yafe", wanne ne amsarta: kalmar ko shirun? Na tambayi kaina, na tambayi malami, na duba 'yan littattafan da nake da su. Har yau ban sani ba. Abin takaicin kuwa, in akwai wanda ya kamata ya san shiru a garin Lalamusa na yankin Punjab, ni ne, don da shi nake cin abinci.

Sunana Imdad. Ɗan shagona yana saman shagon mai sayar da fanka, a bakin kasuwa. Tace bidiyo ce sana'ata, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Daga aji takwas na bar makaranta, sauran duk da lalube na samo shi a wata tsohuwar kwamfuta. Masu kawo mini aiki su ne masu wa'azi, da malaman da ke shirya ɗalibai jarrabawa, da dillalan filaye, da wata mata mai koyar da girki. Buƙatarsu ɗaya ce: a cire musu shiru. Mai kallo na yanzu ba ya jira. Kafin mai magana ya haɗiye yawu, an shafa waya an wuce shi.

Aikin ba wuya. Manhajar tana zana murya kamar jerin tsaunuka: inda aka yi magana tudu ya tashi, inda aka tsaya fili ya shimfiɗe. Sai ka ja layi guda a ƙasa-ƙasa. Duk sautin da ya haura layin, magana ce. Duk wanda bai kai ba, manhaja ta ɗauke shi shiru, ta datse. Danna ɗaya, mai kame-kame ya koma mai zuba kamar famfo. Shi ya sa yayata take kirana Almakashi.

Ina da wata ɗabi'a da ban cika faɗa ba. Ba na zubar da abin da na yanke. Ina tara shi a wani ma'aji daban a cikin kwamfutar, in kasuwa ta yi sanyi in zauna in saurara. A nan na gane shiru ba iri ɗaya ba ne. Akwai na mantuwa, akwai na neman numfashi, akwai wanda dillali kan yi daf da zai ce takardun filin lafiya lau suke. Na sha tambayar kaina ko cire wannan na ƙarshen ba taya shi ƙarya ba ne. Ina tambayar, ina cirewa.

Mu huɗu mahaifiyarmu ta haifa, Bebe muke ce mata. Apa Kaniz ce babba (Apa muke ce wa yaya mace), sai Sarfraz, da nake ce wa Paji, wato yaya namiji, sai ni, sai Tanwir auta. A yankinmu da wuya ka wuce gida biyu ba ka tarar da mai ɗa a Turai ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Sarfraz ya ce shi ma zai tafi, ta ƙasa, ta Iran da Turkiyya, a hannun masu tsallakar da mutane. Bebe ba ta hana shi ba. Abu ɗaya ta faɗa, muna zaune muna cin roti, gurasarmu ta gida, da miyar wake.

"Kai ka girma, ka san abin da kake yi. Amma in ka ɗauki Tanwir, ba zan yafe maka nonona ba."

Ba wanda ya ƙara kai loma. A wajenmu uwa kan yafe wa 'ya'yanta nonon da suka sha kafin ta bar duniya, ta faɗa da bakinta kowa ya ji. Wanda ba a faɗa masa ba, da nauyin zai tashi ranar hisabi. Ba maganar da ake wasa da ita ba ce, Bebe kuma ba mai wasa ba ce.

Ya ɗauke shi. Tanwir ɗin ma shi ya nace. Shekararsa ashirin, gani yake kowa ya tafi an bar shi. Ni na raka su tasha da sassafe, ni na riƙe jakar. Da Bebe ta tambaye ni wajen karin kumallo ina 'yan'uwana suke, na sunkuyar da kai ina kallon shayina. Ban yi ƙarya ba. Shiru kawai na yi, har motar ta yi nisan da ba a iya tsayar da ita.

Tanwir ya rasu a cikin ƙanƙara, a kan duwatsun da ke tsakanin Iran da Turkiyya. Sarfraz ya jera duwatsu a kansa da hannunsa, ya ci gaba da tafiya, don komawa baya ma mutuwa ce. Ya isa Italiya. Shanu yake tatsa a gonar wani, ba shi da takardu, in ya fito ba komawa. Duk Juma'a yakan kira gida. Bebe takan karɓi wayar ta kara a kunne, ya yi ta magana, ita ko uffan, bayan ɗan lokaci ta miƙo mini. Shekara goma sha ɗaya haka.

"Ina jin numfashinta," ya taɓa ce mini. "Da shi nake gane ko tana lafiya. Yau ƙirjinta a cushe yake, ku kai ta asibiti." Muka kai ta, hakan ne kuwa.

Wani ɗan garinmu da ya dawo daga can ya ba mu labarin cewa Sarfraz ba ya shan madara. Ɗan Punjab guda, mu da aka sani da son madara, mai wuni cikin shanu ɗari biyu, baƙin shayi yake sha.

Da bazarar bana zuciyar Bebe ta gaji. Ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce a mai da ita gida a lallaɓa ta. Apa ta baro gidan mijinta ta tare a wajenta. Ni da Apa, tun ranar da aka dawo da ita ta yafe mana, ta dafa kanmu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina kunya ta kama ni, na kasa ɗagowa. Sarfraz kuwa ba ta ambace shi ba.

Kwana tara Apa ta yi tana fama da ita, tana matsa mata ƙafa tana lallashi. Ranar Alhamis da la'asar ta kira ni a waya.

"Almakashi, rufe shagon nan ka zo da kayan ɗaukar bidiyonka. Ta ce a ɗauka."

"Ta ce ta yafe?"

"Ta ce a ɗauka, na ce maka. A waya ta ƙi, wai ba za ta iya magana yana numfashi a kunnenta ba. Kai komai sai ka tsaga shi biyu? Yi sauri kafin ta canza."

Na tarar da Bebe a jingine a gadon igiya, an tokare ta da matasai. Zafi kamar a tanderu, fankar sama tana ta kuka. Na so in kashe ta saboda sautin, Apa ta harare ni.

"Ka kashe fankar ka kashe tsohuwar gaba ɗaya ke nan. Bar ta."

Na kafa waya a kan sandarta, na maƙala wa Bebe ɗan ƙaramin makirfo a wuyan riga. Ta kalle shi kamar wani ƙwaro.

"Da wannan zai ji?"

"Da shi, Bebe."

"To."

Ta fara da abin da ba wanda ya tambaye ta. Ta ce a ba matar maƙwabci tukunyar tagulla. Ta ce kar a bar itacen lemon tsakar gida ya bushe. Tana yi tana tari, tana tsayawa. Can Apa ta matso ta kama hannunta.

"Bebe, Sarfraz fa? Ɗanki Sarfraz. Kin yafe masa nononki?"

Bebe ta juya fuska wajen bango, ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Apa tana kuka ƙasa-ƙasa. Ni idona yana kan fuskar waya, ina kallon lambobi suna tafiya. Fanka tana juyawa. Mai kayan miya ya wuce a lungu yana kiran tumatir. Har na fidda rai, sai ta juyo, ta dubi wayar, ta ce da murya sosai:

"Na yafe. Na yafe nonona."

Apa ta faɗa kanta tana sumbatar hannunta. Kafin in naɗe kayana ta riga ta kira Italiya tana ihu: "Ta yafe maka! Wallahi ta faɗa! Imdad zai turo maka ka gani da idonka!" Daga inda nake tsaye ina jin kukan yayana a cikin wayar, mutum mai shekara arba'in da biyar.

Bidiyon minti goma sha huɗu ne, rabinsa tari da tsayawa. Apa ta ce in rage shi, kar Sarfraz ya ga yadda jikin ya lalace. Na koma shago na zuba shi a manhaja kamar kowane aiki. Saboda kukan fankar, sai na ɗaga layin sama fiye da yadda na saba, don kar manhaja ta ɗauki fanka mai magana. Na danna. Minti goma sha huɗu ya koma biyar. Na kalla. Apa ta ce, "Kin yafe masa nononki?" Bebe ta ce, "Na yafe," ba ko ƙiftawar ido a tsakani, kamar dama a bakinta kalmar take shekara goma sha ɗaya tana jiran a tambaya.

Da ni wani mutum ne daban, da a nan na tura. Amma ɗabi'ata ta ja ni ma'ajin yankakku. Guntun da ya fi tsawo sakan arba'in da ɗaya ne. A zane fili ne shimfiɗaɗɗe, sai dai wajen tsakiya akwai wasu 'yan tuddai ƙanana, waɗanda ba su kai layi ba. Na sa abin ji a kunne, na rage kukan fankar, na ƙara murya har ƙarshe.

A ƙarƙashin mayafin, bakinta daf da makirfon, Bebe tana raɗa.

"Tanwir. Autana. Ka ji sanyi."

Sai numfashi. Sai mai tumatir. Sai ta juyo ta ce ta yafe.

Na saurara sau goma, ko fiye. Sannan na lura da abin da ban lura da shi ba a ɗakin: a duk minti goma sha huɗun nan, sunan Sarfraz bai fito daga bakinta ba. Apa ce ta ambace shi. Kuma Tanwir ma ai ya saɓa mata, shi ma ya tafi ba a yafe masa ba. To wa ta yafe wa? Wataƙila autanta take sallama, ba ta ma ji tambayar ba. Wataƙila izininsa ta nema kafin ta yafe wa wanda ya kai shi. Wataƙila kuma ta ji tambayar sarai, ta ba mu kalmar da muke so, ta kai ma'anar inda take so. Bebe za ta iya wannan.

Na ce da safe zan tambaye ta. Da safen na tarar da gida cike da mata. Jini ya hau mata kai wajen sallar asuba, ɓarin jiki ya mutu, baki ya karkace. Idonta a buɗe yake. Da na samu ɗakin ba kowa, na durƙusa na kai bakina kunnenta.

"Bebe, jiya wa kika yafe wa? In Sarfraz ne, matsa hannuna."

Hannun yana cikin nawa, da ɗumi, bai motsa ba. Amma hannun da ya mutu ne na kama. Na zagaya na kama ɗayan, na sake tambaya. Ta ɗan motsa yatsa. Na ce, "In Tanwir ne, matsa." Ta sake motsa yatsan, daidai kamar na farko. Fanka take kallo.

Ranar Litinin ta rasu. Sarfraz ya bi jana'izar ta wayar da mijin Apa ya ɗaga sama. Da aka gama ya ce a ba ni.

"Imdad, bidiyon fa?"

"Ina gyara shi, Paji. Sautin bai fita ba."

"Ko bai fita ba turo. Ni na san muryarta."

"Bari a gama zaman makoki."

Bayan sadakar uku Apa ta hawo shagona, tana haki saboda matakala. Ta zauna a kujerar masu kawo aiki, ta zare takalmi.

"Wai kai me ke damunka? Bawan Allah yana can ba ya ci ba ya sha. Bidiyon mai dafa kaza kana gama shi a wuni ɗaya, na uwarka ya gagare ka?"

Na miƙa mata abin ji, na kunna mata guntun. Ta saurara fuskarta ba ta canza ba. Ta cire ta ajiye.

"Fanka ce."

"Apa."

"Fanka ce, na ce. Kai tun kana yaro in aka ba ka alewa sai ka fasa ka ga abin da ke ciki."

Na sake kunnawa, wannan karon a lasifika. Muryar Bebe ta cika ɗan shagon: Tanwir, autana, ka ji sanyi. Apa ta toshe baki da mayafi, kamar yadda Bebe ta yi. Sannan ta sauke mayafin.

"To na ji," ta ce. "Sai me? Ni na yi tambayar, sunan Sarfraz na kira, ta ce ta yafe. Ko alƙali iyakarsa ke nan. Tanwir ba ya buƙatar bidiyo. Tura wanda ka yanke."

"Ba zan tura ba."

"Saboda?"

"Saboda na san abin da aka cire. Da ban ji ba, da manhaja ce ta yanke. Yanzu in na tura, ni na yanke. Zan sa a bakin matacciya abin da ban tabbata ta nufa ba, kuma maganar ta lahira ce. In ba shi ta yafe wa ba, zai je can da tabbaci a hannu, a ce masa jabu ne."

"To tura duka. Da raɗar da komai."

Shi ma ba zai yiwu ba. Na san Sarfraz. Mutumin da ke gane ciwon ƙirji daga numfashi a waya, raɗa ba za ta ɓuya masa ba. Zai ji uwarsa, a maganarta ta ƙarshe, an tambaye ta shi, ta kira wanda ya binne a ƙanƙara. Zai ji shi sau dubu, shi kaɗai a ɗakinsa na bayan turken shanu.

"Ka gani?" Apa ta ce tana saka takalmi. "Wannan ba za ka tura ba, wancan ba za ka tura ba. Shiru dai, irin wanda ka saba. Ka zaci ban san wanda ya riƙe musu jaka ba?"

Ban taɓa sanin ta sani ba. Ta sauka ba sallama.

Ranar Asabar Hafiz Inayat ya zo karɓar huɗubarsa. Limamin masallacin unguwarmu ne, mutum mai ƙiba da son raha, duk mako nake tace masa wa'azi. Na aika aka kawo shayi, na ba shi labarin, ban ɓoye komai ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Makon jiya tari tara ka cire mini, da wurin da na manta aya na tsaya ina zare ido, ban ga ka zo neman fatawa ba."

"Wannan daban ne, Hafiz Sahib."

"Na sani, ɗana, wasa nake." Ya hura shayin. "Mu dai abin da baki ya furta muke kamawa. Na zuciya na Allah ne."

"Bakin ya furta ai. Layi ne bai kai ba."

"Wane layi?"

Na nuna masa a fuskar kwamfuta. Ya sa tabarau ya leƙa.

"Wa ya ja shi a nan?"

"Ni."

"Da ka ja shi ƙasa kaɗan fa?"

"Da raɗar ta zama magana."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "To ga abin da na sani. Ƙarya haramun ce. Karya zuciyar ɗan'uwa, wanda ba shi da kowa a ƙasar mutane, shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Kar ka yi ɗaya daga ciki."

"In ba hanya ta uku fa?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya kalli kofinsa, ya kalli titi. Na saba ƙirga shiru ko ban yi niyya ba. Nasa ya kai sakan ashirin. Sannan ya miƙe ya gyara hula.

"Wannan ma ka yanke shi, kar mutane su ce liman bai san komai ba."

Sarfraz ya ci gaba da kira, da farko kullum. Na ce wuta ce ake ɗaukewa. Na ce kwamfutar tana wajen gyara. Na lura ni da na ƙi yin ƙarya guda ɗaya, ina yin ƙanana biyu-uku kowane mako don in kare ta. Daga baya ya koma kiran Juma'a kawai. Juma'ar da ta biyo baya bai kira ba, wadda ta bi ta ma haka. Apa ta daina yi mini magana, sai dai ta aiko mijinta. Na ci gaba da aiki. Na gyara wa mai girki, na gyara wa dillali. Duk wanda na saurara, ba maganarsa nake ji ba, wuraren da ya tsaya nake jira.

A sadakar arba'in aka dafa shinkafa tukwane huɗu, aka yi shinkafa da madara mai zaƙi, wadda Bebe take so. Apa ta zuba mini a kwano ta dangwarar a gabana ba ta kalle ni ba. Na kasa ci.

Washegari da hantsi saƙon murya ya shigo daga Italiya. Minti ɗaya da rabi. Na kunna. Injin tatsa yana bugawa a baya, saniya ta yi kuka. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan:

"Imdad."

Shiru.

"Na san Apa. Tana iya faɗin abu don ta kwantar wa mutum da hankali."

Shiru mai tsawo.

"In Bebe ba ta faɗa ba, ka gaya mini kawai. Ba zan ji haushin kowa ba. Na dai gaji da jira ne. Ina so in san da me zan zauna."

Sauran duk injin ne, har saƙon ya ƙare. Ba kuka, ba faɗa. Muryar a shimfiɗe take kamar filin da ke ƙarƙashin layi. Na sha jin irin muryar nan a aikina, ta mutanen da suka gama yanke shawara a kan wani abu. Ban san me ya yanke ba, kuma ban so in jira in gani ba.

Na tura ƙofar shago, na buɗe bidiyon Bebe. Wanda manhaja ta yanke ba zai yi ba. Bebe ba ta taɓa amsa tambaya da sauri ba a rayuwarta. Ko gishiri ka tambaye ta sai ta yi tunani. Sarfraz zai gane tun a kallon farko. Manhaja ba ta san wannan ba, sai wanda ya sha nono ɗaya da shi.

Don haka da hannu na yi. Na bar wurin da ta juya fuska wajen bango, sakan huɗu. Na datse daf da raɗar. Na tsallake ta, na tsallake numfashin da ya biyo ta, na kamo daga inda mai tumatir ya yi kira na ƙarshe. Wurin haɗin yana tsalle, sai na ɗan matso da hoton kusa da fuskarta, yadda nake yi wa masu wa'azi, ya zama kamar da gangan aka matso. Na ɗebo kukan fanka daga farkon bidiyon na shimfiɗa a ƙarƙashi, don kunne kar ya ji gaɓa. Arba'in da ɗaya ya koma tara. Shirun da ya isa uwa ta haɗiye shekara goma sha ɗaya, bai kuma kai na mai shakka ba.

Na kalla sau uku. Apa ta yi tambaya, Bebe ta juya, ta ɗan jima, ta juyo, ta yafe. A duk shekarun da na yi ina sana'ar nan ban taɓa yin aiki mai tsabta kamarsa ba. Ni kaina sai da na nemi wurin haɗin na rasa.

Sakan talatin da biyun da suka rage na kai su ma'aji, kusa da shirun dillalai. Na so in goge, hannuna ya ƙi.

A ƙasa mai shago yana gwada wa wani fanka, suna ciniki. Na nemo sunan Sarfraz a waya, na ɗora bidiyon. Na rubuta, "Ga shi, Paji, yadda ta faɗa." Na kalli kalmomin ukun ƙarshe, na goge su. Na bar "Ga shi, Paji." Na tura.